Matta da Wasiƙar Gajeriyar Dawa

Duk wanda ya yi aikin ofis a Bauchi a shekarun baya ya san Matta Toma, in bai san sunanta ba to ya san ƙarar tafiretarta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tabarau rataye a wuya da zare, ba ta dariya sai abin ya kai a yi. Daga wani ƙauye na wajen Bogoro ta zo birni tana 'yar shekara goma sha tara, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar shaidar koyon buga rubutu, ta zauna a ƙofar ofisoshin manya shekara talatin da biyar cur. Manya suna zuwa suna wucewa, ita tana nan. Tun ana tafireta har aka koma kwamfuta, ta koya ba ta roƙi kowa ba, don Matta ta gwammace ta yi kwana uku tana lalube da ta ce wa sa'an 'yarta ya nuna mata.

A takarda, aikinta shi ne ta buga abin da aka ba ta. A zahiri kuwa aikinta shi ne ta rufa wa manya asiri. Maigida zai fito yana huci ya ce a rubuta wa wane a gaya masa shi sakarai ne, abin da yake nema ba zai samu ba ko zai mutu. Matta ta ce to, ranka ya daɗe. Bayan rabin awa sai ta shiga da takarda cikin Turanci mai sanyi, wadda ke cewa an duba buƙatarsa da idon basira, an kuma yi takaicin cewa ba za ta yiwu ba a wannan karon. Wane zai karanta ya san an hana shi sarai, amma gobe in suka haɗu a ɗaurin aure yana iya miƙa hannu a gaisa. Da yawa cikin manyan nan da ake yabo da iya zama da jama'a, hannun Matta ake yabo ba a sani ba.

Ba a makaranta ta koyi wannan ba. Wani littafi ne da ita mai baƙin bango, duk wasiƙar da ta shigo daga waje sai ta karanta kafin ta sa a fayil, ta kwafe yadda masu harshen suke ƙin abu, yadda suke tuni, yadda suke nuna ɓacin rai ba tare da sun ɗaga murya ba. Takan ce Turanci ba na kakanta ba ne, Hausa ma aro ta yi, shi ya sa take duba su kamar tukunyar maƙwabta, ta san inda take da tsaga kafin ta ɗora a wuta. Abin da ke ba ta haushi da mutanenmu shi ne yadda biro ke canja su. Wani zai rubuta wa wanda bai taɓa gani ba kamar yana aiken ƙaninsa, a turo kaza yau ɗin nan, ba gaisuwa ba don Allah, alhali da baki mutumin kirki ne. Wani kuma zai durƙusa tun daga layin farko, yana mai ƙasƙantar da kai, yana roƙo da matuƙar girmamawa, har Baturen da aka rubuta wa ya fara zargin ko ba'a ake yi masa. Irin wannan Matta takan soke shi da jan biro, ta ce mutum ya miƙe tsaye, ba gaban alƙali yake ba.

Mijinta Toma direba ne, mutum mai barkwanci, yakan ce a duk Bauchi matarsa ce kaɗai za ta wanke ka tas ka tashi kana yi mata godiya. Ya rasu shekara biyu kafin ta yi ritaya. 'Yarsu ɗaya, Christabel, tana aure a Jos, ta yi ta rarrashin uwar ta zauna ta huta a gidanta na unguwar Yelwa. Ta huta wata huɗu. A cikin wata huɗun ta gyara wa zumuntar matan cocinsu littafin taro har sai da mai rubuta musu ta yi kuka, ta kuma fara yi wa fasto gyara a sanarwar ranar Lahadi. Don haka ranar da Alhaji Mansir ya zo neman ta, unguwar ce gaba ɗaya ta yi ajiyar zuciya.

Alhaji Mansir tsohon jami'in gona ne, ta san shi tun yana ƙaramin ma'aikaci mai kawo mata takardar neman hutu ta gyara masa. Yanzu ya kafa wata 'yar ƙungiya mai suna Rumbu Cike, ofishinsu a saman wasu shaguna kusa da Kasuwar Muda Lawal, ma'aikata shida, suna karɓo tallafin iri da taki daga wata gidauniya ta ƙasar waje suna raba wa manoma. Wadda ke kula da su daga can wata Baturiya ce da ba su taɓa gani ba sai a fuskar kwamfuta, suna kiranta Uwar Ɗaki. Ita ma Turancin koya ta yi, ba shi ta sha a nono ba, saboda haka abin da aka rubuta mata shi take ɗauka, ba ragi ba ƙari. Sau biyu ta yi fushi da ofishin kan saƙonnin da ba a yi nufin komai da su ba. Mansir ya ce wa Matta ta zo ta zama bakinsu, kada saƙo ya fita sai ya bi ta teburinta. Ta ce ta ji, amma da sharaɗin ba mai taɓa mata rubutu bayan ta gama. Cikin wata uku Uwar Ɗaki ta fara rufe saƙonninta da gaisuwa ga iyalai.

A daminar shekarar ne gidauniyar ta aiko da wata sabuwar dawa, gajeriya, wadda aka ce tana nuna da wuri. Aka raba wa gida sittin a Miri, nan bakin gari, kowa da buhun takinsa, da sharaɗin wanda ya karɓi taki dole ya shuka irin a babbar gonarsa, za a zo a ɗauki hoto. Aka je aka ɗauki hoton tana kore shar, kowa ya yi murna.

Bayan girbi, wata Talata da hantsi, dattawa biyar suka hau benen ofishin cikin rigunansu na Juma'a. Jagoransu Malam Sabitu ne, dogon tsoho mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. Aka ba su kujeru, aka yi gaisuwa har ta ishi kowa. Malam Sabitu ya ce iri ya iso, an shuka, ya fito, Allah ya saka wa waɗanda suka tuna da su da alheri. Ya ce abin da Allah ya ba su sun karɓa, bana dai sai godiya, kuma suna so a isar da gaisuwarsu ga baiwar Allah da ta aiko. Sauran huɗun suka ce haka ne. Suka sauka suka tafi.

To, ga inda Matta ta yi abin da har yau in ta tuna sai ta ciji leɓe. Ta ga hannayensu. Ko a ƙauyensu, wanda aka ba iri ya yi albarka ba ya zuwa godiya hannu rabbana, ko zangarniya biyu ce zai riƙo, ko ɗan ƙullin sabon hatsi, ya ce ga abin da irinku ya haifa. Dattawa biyar sun taso tun daga Miri bayan girbi ba ko ƙwaya ɗaya a aljihu. Ta gani, abin ya ɗan taɓa ta, ta kawar da kai, don maganar tsohon ta yi mata daɗi kuma hannunta na ƙaiƙayin rubutu. Ta zauna ta tsara wasiƙar godiya da ba ta taɓa yin mai kyanta ba. Uwar Ɗaki ta amsa washegari, ta ce har hawaye ta yi, ta kuma sa wasiƙar a shafin farko na rahotonsu na shekara. A watan Fabrairu ta aiko cewa saboda wannan nasara za a ninka irin a damina mai zuwa, a sake ba Miri, a haɗa da ƙauyukan Zungur. Abin da take jira kawai shi ne ofis ya tabbatar mata kafin ƙarshen wata.

Saura kwana goma sha ɗaya wa'adin ya cika Matta ta shiga Muda Lawal sayen dawar kunu, ta tarar da Malam Sabitu tsugune gaban mai awo, ya tara buhu ana zuba masa. Manomi, a watan Fabrairu, yana awon dawa a kasuwa. Ta tsaya a kansa suka gaisa. Ta tambaye shi ko biki ake yi a gida, ya ce a'a. Ta tambaye shi ko baƙi aka yi, ya ce a'a, ya ci gaba da kallon bakin buhu. Da wata ce sai ta ƙyale shi, amma Matta ta ajiye jakarta ta ce ba inda za ta sai ya gaya mata abin da ya sami rumbunsa.

Da ƙyar ya faɗa, a gutsure-gutsure. Dawar ta nuna da wuri kamar yadda aka ce, to amma ta nuna ne ruwa na tsakiyar zuba, fumfuna ta kama zangarniya. Kuma da yake ita kaɗai ce ta nuna a duk karkarar, tsuntsayen duniya a kanta suka sauka, mata da yara suka yi ta wuni suna kaɗa gwangwani a banza. Gonar da yake ɗaure dami arba'in, tara ya ɗaure. Karan ma gajere ne, ba ya darni, ba ya isar dabbobi. Matta ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta tambaye shi me ya hana su faɗa ranar da suka zo.

Ya ɗago ya dube ta, ya ce, "Malama, mutum ya tuna da kai daga wata uwa duniya ya ba ka kyauta, ka buɗe baki ka ce kyautarsa ta cuce ka? Ai mun zo muku hannu wofi. Mun ɗauka kun gane."

Ba ta sayi dawar kunun ba. Ta hau bene ta shiga wurin Mansir ta zayyana masa komai, kuma abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne bai yi mamaki ba. Shi ma ya ga hannayen, ya kuma gane tun ranar, tsohon jami'in gona ne fa. Mansir ba ɓarawo ba ne, kada a ɗauki alhakinsa, tsoro ne da shi, kuma tsoron nasa na da dalili. Ya ce taki da iri tare suke zuwa, in aka ƙi ɗaya ɗayan na iya tsayawa. Ya ce mutum shida ke ci a ofishin nan, ita ce ta bakwai. Wasiƙarta tana shafin farko na rahoto, yanzu da wane baki za a ce wa matar nan ba haka ba ne? Abin da yake so ta rubuta mai sauƙi ne, ita ce ma gwanarsa. A tabbatar da karɓar irin, sannan can ƙasa a ɗan ambata cewa an samu 'yan ƙalubale da ake dubawa.

Matta ta san wannan jimlar kamar yunwar cikinta. Ta buga ta ya fi sau dubu a rayuwarta, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya karanta ta ya tashi daga kujerarsa ba.

Ta ce masa, "Alhaji, ni ladabi na iya, ba binne magana ba. In na rubuta haka matar nan za ta turo irin, kuma tsohon nan zai sake shuka shi don kunya."

Ya ce ai ana iya bi a hankali, baɗi a gyara. Ta ce a hankalin nan cikin wa zai biya shi, nasa ko na mutanen Miri? Ya ce ta yi wa Allah. Ta ce don Shi take yi. Ta rufe kwamfutarta tun azahar ba ta yi ba, ta tafi gida.

Ranar Asabar ta hau acaɓa zuwa Miri da littafinta da biro biyu. Ta ɗauka Mansir ne kaɗai katangar da za ta haura, ashe babbar tana gaba. Dattawan suka taru a ƙofar gidan Malam Sabitu, gefen wani darni da ya zube ba a samu karan gyara shi ba, aka shimfiɗa mata tabarma ita kaɗai a gefe. Ta faɗi abin da ya kawo ta. Ɗaya ya ce wannan ba tarbiyyarsu ba ce. Wani ya ce in an sake kawo irin sai a shuka a yi haƙuri, Allah na nan. Malam Sabitu ya ce shi dai ba zai sa hannu a takardar da za ta ba baiwar Allah nan kunya ba.

Matta ta cire tabarau. Ta ce, "Baba, matar nan ba ta ga hannunku ba, ba kuma za ta taɓa gani ba. Takarda kawai take gani. Kawaicin da kuka yi mata, ita a wurinta cewa kuka yi a ƙaro. Yanzu haka tana shirin aika wa mutanen Zungur abin da ya same ku, da sunanku, da godiyarku."

Maganar Zungur ce ta karya su, don babu gidan da ba shi da 'ya ko suruki a can. Malam Sabitu ya ce a rubuta, amma duk layin da ta rubuta sai ta mayar musu da shi Hausa sun ji.

Sun kai la'asar a kan takarda ɗaya. Su suna so a fara da addu'a ta rabin shafi, ta ce layi biyu na godiya sun isa, in ta yi yawa matar za ta tsaya a nan ta sake yin hawaye. Suna so a ce ƙasarsu ce ba ta karɓi irin ba, ta tambayi Malam Sabitu ko ƙasar da ta ciyar da ubansa da kakansa ce yau zai yi wa ƙazafi don ya faranta wa baƙuwa. Ya ce a soke. Wani magidanci mai zafin kai da ya shigo daga baya, Bakari, da ya ga an fara sai ya ce to a rubuta an cuce su, an mayar da su abin gwaji. Shi ma ta hana, ta ce matar ba da mugunta ta yi ba, kuma wanda aka zaga ba ya karanta layi na gaba.

A nan gwanintar shekara talatin da biyar ta yi ranarta. Ba ta rataya laifi a wuyan kowa ba, ba ta kuma bar ƙofar da za a zille ba. Wasiƙar ta gode da kyakkyawar niyya, da takin da ya yi amfani. Ta ce akwai abin da ya kamata a sanar tun farko ba a sanar ba, suna baƙin cikin haka. Ta faɗi watan da dawar ta nuna, da ruwan, da tsuntsayen, da dami arba'in da ya koma tara, da gidajen da ke awo tun Fabrairu. Sannan layi ɗaya shi kaɗai a tsakiyar shafi, cewa saboda haka ba za su iya sake shuka wannan irin ba, kuma ba za su ba maƙwabtansu shawarar shuka shi ba. Ta rufe da cewa za su yi murna in an zauna da su kafin a zaɓi wani. Da ta karanta musu duka, Malam Sabitu ya ce bai ji zagi a ciki ba. Ta ce babu. Ya ce amma kuma an faɗa. Ta ce an faɗa. Ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami, sauran suka dangwala yatsa.

Litinin da safe ta ajiye takardar a gaban Mansir. Ya karanta sau biyu, ya ce ko shi aka rubuta wa ba zai iya fushi ba, kuma abin da ya sa take da haɗari ke nan. Ya ce ba za ta fita daga ofishinsa ba. Matta ta ce ai ba ta ofishinsa ba ce, ta mutanen Miri ce, girmamawa ce ta sa ta fara nuna masa.

Ya ce, "Mama Matta, in takardar nan ta fita, ke ma kin fita."

Ta buɗe jaka ta ciro makullin durowarta ta ajiye masa kusa da kofin shayinsa. Ta sauka bene ba ta waiwaya ba, amma Matta ba dutse ba ce. Tana son aikin nan, tana son teburinta da ke kallon kasuwa, kuma ta san a shekarunta ba mai sake zuwa Yelwa neman ta. Ta shiga wani shagon kwamfuta a bakin titi, aka ɗauki hoton takardar, ta aika wa Uwar Ɗaki daga nata adireshin. Ta haɗa da layi uku nata na kanta, cewa ita ce ta rubuta wasiƙar farko, ta ga alamar da ya kamata ta tsayar da ita ba ta tsaya ba, laifin nata ne ba na dattawan ba. Shi kuwa Mansir a ranar ya zauna ya rubuta tasa da hannunsa, mai 'yan ƙalubalen, ya aika.

Kwana tara ba labari. Christabel ta bugo waya daga Jos tana faɗa, wai uwarta kullum sai ta ja wa kanta, wa ya aike ta? Ma'aikatan Rumbu Cike in sun hango ta a kasuwa sai su shige layin 'yan atamfa. Matta ta share gidanta har inda ba ya buƙatar shara, ta yi addu'a, wani lokacin kuma ta zauna ta sake karanta kwafin wasiƙar tana neman kalmar da za ta yi nadama a kai. Ba ta samu ba.

Amsar ta zo rana ta goma. Uwar Ɗaki ta gode, ta ba da haƙuri ba kewaye-kewaye, ta ce an dakatar da irin, ba zai je Miri ba, ba zai je Zungur ba. Amma akwai sakin layi na biyu. Shugabanninta sun ce tunda rahoton da aka buga ya zama ba daidai ba, za a tsayar da shirin gaba ɗaya na shekara guda a yi bincike, har da takin. Abin da Mansir ya ji tsoro ya faru, sak yadda ya faɗa. Ya sallami mutum uku a makon.

Da Matta ta so, da ta aika saƙo ta zauna a gida. Ta ce ita ta rubuta, ita za ta karanta. Ta sake hawa acaɓa zuwa Miri, wannan karon ba dattawa biyar ta tarar ba, rabin garin ne. Ta tsaya ta fassara musu amsar layi-layi ba ta sassauta ko ɗaya ba, ta karanta maganar takin da muryar da ta karanta maganar irin. Wurin ya ruɗe da gunaguni. Bakari, wanda kwanakin baya yake neman a zagi matar, shi ya fara miƙewa. Ya ce da sun yi shiru da aƙalla sun samu taki. Ya ce ta taso daga birni ta sa tsofaffi sun zubar da girmansu, ga shi an tashi ba tsuntsu ba tarko, ita kuwa fanshonta na jiranta. Wasu suka ce gaskiya ne. Malam Sabitu yana jan carbi, kansa a ƙasa.

Abin ya soke ta, don akwai gaskiya a ciki, kuma ta san bana wasu gonakin za su ji rashin takin nan a jikinsu. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Ta ce, "Takin kam ni na jawo muku asararsa, ban musa ba. Amma ku sani, da za a mayar da ni ranar Asabar ɗin nan, haka zan rubuta, ko ɗigo ba zan canja ba. Abu ɗaya nake nadama, ban rubuta ta ranar da kuka hau mana bene ba."

Sannan ta jawo tabarma ta zauna, ta ce mai acaɓarta sai la'asar zai dawo, duk mai sauran magana ya zo ya faɗa mata a fuska, ba sauri take ba. Wasu suka zo suka faɗa, masu zafi da masu ɗaci, ta saurara har ƙarshe ba ta katse kowa ba. Wasu suka watse suna ƙunƙuni.

Da wurin ya lafa Malam Sabitu ya sa carbinsa a aljihu ya miƙe. Bai yabe ta ba, bai kuma kalle ta ba. Ya ce wa jama'a gobe da sassafe za shi Zungur wurin surukinsa neman irin farfara, dawarsu ta gado, tunda su can nasu na nan a rumbu, duk mai so ya faɗa a san yawan da za a roƙo. Hannaye suka fara ɗaguwa. Matta ta mayar da tabarau ta buɗe littafinta, ba wanda ya sa ta, ta shiga rubuta sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Bakari, wanda ya ɗaga hannu rabi yana kallon wani wuri, sai ta tsayar da biro ta jira. Sai da ya faɗi sunansa da bakinsa sannan ta rubuta.